Gonar da Ba Ta Ruɓe Ba

Da hantsin Litinin aka shigo da Malama Zipora caji ofis a Kafanchan, goshinta a fashe, rigarta duk jar laka. Waɗanda suka fasa goshin su ne suka kawo ta, kuma wai su ne masu ƙara. Wannan rashin kunya ya ƙona wa Sufeto Kambai rai.

"Oga, ta kashe mu," in ji Asher, shugaban matasan ƙauyensu. "Ta ce mu tsoma irin citta a maganinta. Mun tsoma, mun shuka, duka ya ruɓe a ƙasa."

"Wa ya doke ta?"

"Faɗuwa ta yi."

"Ta faɗi ta goshi, ta sake faɗuwa ta baya? Kofur, tura min shi bayan kanta!"

Sai da aka ɗaure mata ciwon sannan ta iya magana. Malamar kimiyya ce a sakandare. Tun shekarar da ciwon ruɓa ya cinye cittar yankin take tara ɓawon kirefish da na ƙaguwa. Sai ta wanke shi, ta cire masa ƙasa-ƙasarsa, ta dafa shi da sodar sabulu mai ƙarfi, har ta sami farin garin da ake kira kitosan. Idan aka tsoma iri a ruwansa, yakan yi masa riga siririya mai rage kamun funfuna.

"Ke kika haɗa ruwan ranar?"

"A'a, ranka ya daɗe, ina tsaron jarrabawa. Baba Henry na bar wa buhun, shi ke riƙe da makullin siton coci."

Sufeto ya koma wurin Asher. "Yaya ruwan yake da kuka tsoma?"

"Yana da yauƙi, kamar yadda ta ce. Da ɗuminsa ma muka same shi."

Zipora ta ɗago a firgice. "Da ɗumi? Nawa ba ya son wuta. Ba ya narkewa a ruwa zalla, binega, ruwan tsamin nan, ake ɗiga masa ya saki."

Kafin azahar motar 'yan sanda ta shiga ƙauyen, da Zipora a ciki. Gonaki hagu da dama, ciyawar da aka rufe kunya da ita ta baje, babu tsiro ko na magani. Sufeto ɗan manomin citta ne, ya san ma'anar wannan: babu kuɗin makaranta, babu naman Kirsimeti, kuma babu irin baɗi.

Dattijo Henry ya tarye su da murmushi da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya buɗe sito, ya nuna ragowar buhun.

"Yadda ta bar shi haka yake, ɗana. Ni na ja kunnenta tun farko. Ilimi ban da addu'a, ga ƙarshensa."

Sufeto ya aika aka karɓo kwalbar aidin daga kemis, ya ɗebi garin a murfin kwano, ya ɗiga. Nan take wurin ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi.

"Sitaci ne," in ji Zipora. "Na rogo. Kamar koko aka dama musu. Abinci aka shafa wa funfuna a jikin irin."

"To, ita ta san abin da ta zuba a buhunta," Henry ya ce da sauri.

"Kai naka irin fa, Baba? Ya ruɓe?" in ji Sufeto.

"Ni ban tsoma ba sam. Ubangiji ne ya tsare min."

"Mu je in ga ikon Allah."

Gonar tana bayan gidansa, an kewaye ta da zana sabuwa ful. Citta ta fito layi-layi, ganye kore shar yana sheƙi. Sufeto ya tsaya yana kallo.

Matar gidan, Mama Caroline, ta kawo wa baƙi ruwa a kofi. Sufeto ya duba shi. Damina ce, rafin ƙauyen ja ne kamar an jiƙa bulo, kuma ya ga abin da ke cikin durom ɗin maƙwabta. Wannan kuwa garau.

"Mama, alam kika sa?"

"Ina na ga alam? Maganin feshin Baba ne. Ran nan ya wanke bokitinsa, na ga laka ya dunƙule ya kwanta ƙasa. Shi ne nake ɗiban kaɗan."

"Caroline, shiga ciki!" Henry ya daka mata tsawa.

"Aikin kitosan ne wannan," in ji Zipora a hankali. "Yana janyo laka ta haɗu."

Kofur ya fito daga rumbu da buhun kitosan na gaskiya a kafaɗa da jarkar binega a hannu.

Sufeto ya matso har yana jin numfashin dattijon. "Kana ina lokacin da suke dukanta?"

Henry ya kau da kai.

"Asher ya ce kai ka buga ƙararrawar coci ka tara su. Ƙarya ya yi?"

Littafin ya zame daga hammatar Henry. "Na ji ta ce in aka ci gaba da fesawa ya fi. Na ga buhu ɗaya ba zai ishi kowa ba, sai na musanya shi da sitaci. Na ɗauka sitaci ba zai yi komai ba, wallahi. Da ya ruɓe, na ji tsoro su gane..."

"Sai ka ba su kan 'yar mutane su fasa. Kofur, sa masa ankwa!"

Kafin su kai mota labari ya zaga. Jama'a suka yo gonar da fartanya da adda, suna ihun sai sun tumɓuke ta tas. Hannayen da suka jefi Zipora da safe ne, ba wasu ba. Sufeto ya sha gabansu yana huci.

"Duk wanda ya taɓa ganye ɗaya, a sel zai kwana!"

Ba su saurare shi ba. Zipora ce ta tako ta tsaya a bakin zanar, bandejin goshinta ya sake jiƙewa da jini.

"Ku tumɓuke," ta ce. "Amma ku sani, duk ƙauyen nan babu sauran irin baɗi sai wannan."

Fartanyu suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya tura Henry cikin mota, ya jira ko wani zai buɗe baki ya ce mata ta yi haƙuri. Babu wanda ya iya ko kallon goshinta.