Ragon Sunan da Nafi'u Bai Yanka Ba

Ku matso kusa, ku rage murya. Nafi'u, wanda muka gama jami'a tare, shi abin ya faru da shi.

Manhajar sayen magani yake haɗa wa wani kamfani a saman bene, can Kano. Na'urar da ke gwada manhajar ba ta gane maɓallin da ake dannawa a kan allo sai yana da suna, nasa kuwa ko ɗaya ba shi da shi. Ogansa ya ce, "In gwaji bai wuce gobe ba, kada in ga ƙafarka a nan."

Ya fara raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tsaki, ya goge, ya sake. Ba sa ƙarewa. Wuyansa ya ƙage. Can dabara ta faɗo masa: ya rubuta doka guda a gefe, ta tsaya kamar mai gadi, duk abin da ya fito kan allo ta tare shi ta ba shi suna, ba sai ya bi kowane shafi ba. A ƙa'ida, ana yi wa irin wannan dokar iyaka. Shi don haushi sai ya rubuta mata: komai.

Magariba ta yi. Kowa ya sauka masallaci, ya bar shi. Gwaji ya fara wucewa.

Sai ƙanshin turaren wuta. Wata mata tsaye a bakin ƙofa, da goyo. Bai ji hawanta bene ba.

"Sannu da aiki, Malam." Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Hajiya, an tashi. Sai gobe."

"Ka raɗa wa ɗana suna. Ina ragon?"

"Wane ɗa kuma? Don Allah aiki nake yi!"

Ta nuna allon da haɓa. A ƙasan shafin ga wani ɗan maɓalli baƙi wanda bai taɓa zanawa ba. Yana kumbura, yana saɓewa, kamar cikin jariri mai barci.

Nafi'u ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Diddigenta ne a gaba, yatsun a baya.

"Tunda babu rago, sai ka riƙe shi," in ji ta. Ta fara kwance majanyi.

Ya kama Ayatul Kursiyyu, hannunsa ya lalubi dokar ya goge. Sunayen duka suka ɓace lokaci guda. Gwaji ya koma ja, alamar ya faɗi. Ya ɗago, ƙofa ba kowa.

Washegari Oga ya sallame shi. Nafi'u ko haƙuri bai tsaya bayarwa ba.

Ku dai, in kun rubuta doka, ku gaya mata inda za ta tsaya. Kuma kada magariba ta same ku ku kaɗai a benen nan. Matar ba ta ce ta yafe ba.