Kular da Gidaɗo Ya Kwanta a Kai

"Yaya Murtala, kada ka taɓa kular nan! Wallahi ba asiri ba ne!"

Ihun Haulat ne ya fito da mu ƙofar gida, ni ko ɗankwali ban ɗaura ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki ke nan.

Ƙofar Kaura kaf an san Haulat, 'yar Alhaji Almu, mai karatun kitse a jami'a. E, kitse! Gidaɗo, Bafulatanin da ke kai shanu mayanka, shi ke kawo mata kullum cikin ƙanƙara. Ta niƙa, ta tace, ta ɗora a wata farar takarda, ta zuba ruwan wata 'yar kwalba, wai antibodi. Sinadarin furotin guda ruwan ke nema cikin dubu, in ya cafke shi sai baƙin layi ya fito. Kwalbar ɗaya ce tak, in ta ji ɗumi ta mutu, aikin shekara uku ya bi ta.

Daga miƙo kitse aka koma miƙo zuciya.

Gwadabe mahauci, wanda ta ƙi, shi ya hura wa yayanta wuta: "Kitsen baƙar saniya da 'yar kwalba? Ai ya gama da ƙanwarka!"

Ran nan wuta ta ɗauke, firij ya fara zufa. Gidaɗo ya sa kwalbar a kula zai kai gidan ƙanƙara a Ƙofar Kwaya. Sai ga Murtala, sabon ɗan bangar kansila, da gora, Gwadabe na biye da shi.

"Miƙo ta in fasa, ɗan daji!"

Gidaɗo ya kifa a kan kular.

Tim!

Gora ta sauka a gadon bayansa. Ta biyu ta tsaga riga, ta uku ta fasa ƙeya, jini ya wanke wuya. Haulat ta faɗa tsakani, mari ɗaya ya watsar da ita cikin kwata.

"Gidaɗona, sake masa... sake masa, zai kashe ka!"

"In na saki, rana ta taɓa ta," ya ce, haƙoransa jajir. "Yi shiru, Haulatuna."

Gora sha huɗu na ƙirga.

Da Alhaji Almu ya fito, sandarsa ce ta karya wa Murtala yatsa. Gwadabe kuwa garin gudu ya bar takalmi ɗaya a lungu.

Bayan kwana biyu Haulat ta ajiye takardar gaban mahaifinta, idonta a kumbure.

"Baba, ga asirin."

Alhaji ya gyara tabarau. "Wannan ɗan baƙin layin? Mi ke nan?"

"Shaidar kwalbar ba ta mutu ba."

Ya dubi Gidaɗo da ke rakuɓe, kai naɗe da bandeji.

"Gora sha huɗu a kan kwalba... To ita mai kwalbar fa, nawa za ka ɗauka?"

"Alhaji, a kira Murtala ya ƙarasa."

"Ya isa. Turo magabatanka."

Ran biki Murtala ne ya raba nama, yatsa a ɗaure. Ni da na miƙa kwano, kitse zalla ya zuba mini.