Ƙwaryar Marigayiya Laure

Ƙarfe sha ɗaya na safe aka kira Sufeto Zayyad daga tsohuwar kasuwar abinci ta Gumel, wadda rumfunanta ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Ya tarar da mutane sun kewaye wani ɗan dako mai suna Barau, ana zarginsa da sata, an riga an yaga masa riga. Sufeto ya raba taron, ya zaunar da shi a gefensa.

Mai ƙarar baƙuwa ce, Safinatu, malamar makaranta daga Kano. Za ta Maigatari biki ne ta tsaya don ta ga rumfar da kakarta, marigayiya Laure, ta yi shekara talatin tana sayar da fura. Ta zo da ƙwaryar kakar a jaka, ta ajiye jakar tana cinikin kilishi, ta juyo babu ita.

A bayan buhunan gero aka tsinci jakar. Waya na ciki, kuɗi na ciki, ƙwarya ce kawai babu. Sufeto ya ce a sallami Barau, domin ɓarawon kasuwa ba ya barin waya ya ɗauki ƙwarya.

Ya'u mai kilishi ya ce bai ga komai ba, sai dai Inna Kyauta mai fura ta bar masa tsaron kayanta na ɗan lokaci. Tsohuwar kuwa ta rantse tun safe ba ta motsa ba, baƙuwar ma ba ta lura da ita ba.

"Inna, ko kin ji abin da ya ɓata?" in ji Sufeto.

"An ce wata tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a baki."

Sufeto ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya. "Inna, ba wanda ya ambaci ɗinki. Ni kaina ban sani ba."

Sai ta ɗaga faifan da ke gefenta, ga ƙwaryar a kife.

"Ni na ɗinke ta da hannuna," ta ce. "Ni da Laure tabarma ɗaya muka zauna tun muna amare. Da 'ya'yanta suka tafi da ita Kano, ko sallama ba mu yi ba. Na hango ƙwaryar a bakin jaka, ɗana, zuciyata ta kasa daurewa."

Safinatu ta ce ta janye ƙara, ƙwaryar ma ta bar mata. Sufeto ya ce duk da haka sai an je ofis an rubuta, saboda an taɓa mutumin da bai ji ba bai gani ba. Inna Kyauta ta nemi gafarar Barau a gaban jama'a, ya ce ya yafe.

Suka nufi mota, Safinatu na riƙe da hannun tsohuwar. A hanya ta tambaye ta wace irin mace ce kakarta a ƙuruciya.

"Masifaffiya," in ji tsohuwar, tana share hawaye da bakin mayafi. "Zauna kusa da ni, 'yata, labarin da tsawo."