Koren Haske a Tsohon Karofi

Da la'asar sakaliya Kawu Usaini ya tsayar da babur a bakin wata 'yar hanya da ta ratsa gonakin dawa a bayan Rimin Gado, ya ce shi iyakarsa nan.

"Kawu, saura fa tafiyar minti biyar," in ji Tahira.

"Na sani. Ki ɗebo ki fito kafin magariba."

Ta dube shi, ya kau da kai. Nan take ta sa shi cikin waɗanda take zargi.

Tahira digiri na uku take yi a kimiyyar sinadarai, a kan launukan da ake samu daga tsirrai. Akwai launin da in an haska shi da leza, wata fitilar da ido ba ya ganin haskenta, sai ya mayar da hasken kore. Aikinta shi ne ta lissafa ƙarfin koren a kwamfuta, sannan ta auna a ɗakin gwaji ta ga ko sun dace. Lalle ya dace. Karan dafi ya dace. Amma ruwan baban rini da aka ɗebo mata daga wani tsohon karofi, inda marina suka daina rini shekara arba'in da suka wuce, ya ninka lissafinta sau ɗari uku.

Malaminta ya ce ko dai ta maimaita cikin mako guda, ko a tuhume ta da ƙirƙirar sakamako. Ita kuwa ta riga ta yanke cewa Mudassir ne, mai kula da ɗakin gwajin, ya zuba mata wani abu a kwalba. Har ta faɗa masa a gaban mutane. Shi ya sa yau ta zo ɗiba da hannunta.

Ta kama 'yar hanyar ita kaɗai. Dawa ta fi ta tsawo, ta rufe ta hagu da dama. Tana fita fili sai wari ya tare ta. Warin baba ne da toka, sabo, mai hawa kai, irin na rinin da aka dama yau.

Ramukan rinin goma sha biyu ne, duk ciyawa ta cinye bakinsu. Amma kowanne cike yake da ruwa baƙi ƙirin, har da kumfa.

"Wato wani ke zuba sinadari a nan," ta faɗa a ranta. "Kuma Kawu ya san shi."

Ta durƙusa, ta cika kwalba. Sannan ta ciro 'yar ƙaramar leza daga jaka. Ta san ƙarfinta bai kai ya nuna komai ba, so take kawai ta tabbatar. Ta saita ta a kan ramin, ta danna.

Ruwan ya kama da kore har ƙasa.

Na kusa da shi ma ya kama, alhali ba ta haska shi ba. Sai na uku. Sai duka.

Ta saki maɓallin. A iliminta, da an kashe leza koren ke mutuwa.

Bai mutu ba.

Tim. Tim. Tim. Ƙarar bugun zane a kan gungume, daga bayanta, inda babu komai sai ganyen dawa.

Kukan tsuntsaye ya ɗauke. A bakin kowane rami, hasken ya fito da hannuwa bibbiyu, rinannu har gwiwa, riƙe da dogayen sanduna suna juya ruwan. Ba kafaɗa, ba fuska. Hannuwa kawai.

Ɗaya bayan ɗaya suka daina juyawa.

Wani numfashi mai ɗumi ya taɓa kunnenta.

"Yarinya, kin ɗiba ba sallama," aka raɗa mata. "Mun ƙyale ɗiban farko."

Muryar ta ci gaba.

"Kin auna namu. Kawo naki mu gani."

Aka kama wuyan hannunta. Sanyi ya ratsa ta har haƙora. Ana jan ta a hankali, ba gaggawa, kamar yadda ake tsoma zane.

Gwiwarta ta zame. Yatsunta suka taɓa kumfar.

Can daga gari ladan ya ɗaga murya.

Riƙon ya ɗan sassauta. Ta fizge, ta saki kwalba da leza cikin ramin, ta faɗa cikin dawa tana jan Ayatul Kursiyyu a guntule. Ganye na yankar fuskarta. Bugun na bin ta, tim, tim, har bakin hanya.

Kawu Usaini ya riga ya tada babur. Ya dubi hannunta, ya ce, "Innalillahi. Hau, kar ki waiwaya."

Washegari ta je ɗakin gwaji ta tarar da Mudassir yana wanke kwalabe. Ta ba shi haƙuri a gaban mutanen da ta kunyata shi. Ta cire babin baba daga kundinta, abin da ya ja mata ƙarin shekara guda, ba ta kuma yi wa kowa bayani ba.

Shatin yatsu huɗu shuɗaye ya zauna a wuyan hannunta. Sabulu bai fitar ba, sinadaran ɗakin gwaji ma haka.

Wata rana da rana tsaka tana zaune a falo, mahaifiyarta ta miƙa rimot ta gefenta za ta canza tasha. Tana dannawa, hasken rimot ɗin da ido ba ya gani ya faɗa kan hannun Tahira, shatin ya kama da kore, yatsun suka ɗan matse.

"Inna, ajiye," Tahira ta ce a hankali. "Don Allah ajiye."