Aiken Ƙarya a Ɗakin Baya

Magariba ta sauka a Dakoro kamar kullum. Awaki sun shigo, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katanga. Habi ta ɗauki ƴar ƙwaryar nono ta nufi ɗakin baya, wanda ba a kwana a cikinsa tun zamanin surukinta. Tsohon ne ya zo da al'adar daga Azagor: a ajiye nono a bakin ƙofa, kada a damu mai ɗakin, aljanin gidan. Shi kuma in akuya ta ɓata ko yaro ya yi nisa, a raɗa masa, zai je ya koro. Habi na sunkuyawa, dutse ya faɗo gaban ƙafarta. Wani ya biyo baya. Aka leƙa bayan katanga, ba kowa.

Makullin ɗakin yana hannun ɗanta Halidu. Cewa ya yi gero zai zuba, ta ba shi ba ta ko leƙa ba. Gero kuwa ko tsaba. Halidu wifi yake sayar wa unguwa, ɗakin kuma ya fi ko'ina sanyi, sai ya girka ordinater, wato kwamfuta, a ciki, ya ɗora masa abin da suke kira proksi. Ɗan aike ne tsakanin wayoyin mutane da intanet: ka nemi shafi, ya ɗauko maka, ya ajiye kwafi don mai nema na gaba. Kafin ya sakar wa jama'a, Halidu ya so ya san ƙarfinsa. Duk yamma sai ya sa wani ordinater ya yi kamar dubban mutane ne ke aike a lokaci guda, ya zauna yana duba saurin amsa da inda zai gaza.

Jifa ta zama ta kullum. Aka fara jin haki a tsakar gida, irin na wanda ya sha gudu. Sannan abin ya faɗa kan Ramla, ƙanwar Halidu. Da an kira salla sai ta zabura, ta ruga ƙofar gida, ta dawo, ta sake rugawa, har tafin ƙafarta ya tsage, tana tambaya da murya mai kauri wa ya aiko ta.

Aka ɗauko Malam Abarci daga Korahane. Ya sa aka riƙe yarinyar, ya yi ta karatu har jikinta ya saki, sannan ya tambayi mai maganar ko wane ne, me kuma ya haɗa shi da ɗiyar mutane.

"Ni ne na ɗakin baya," in ji muryar. "Na yi ma tsoho alkawali ban ƙin aike cikin ɗakin ga. Aka yi ta aiko ni. Kowane na tahi, in iske ba kowa. Ashe gwaji aka yi."

Habi ta waiga ta dubi ɗanta. Halidu ya sunkuyar da kai, yana cewa shi inji yake gwadawa. Malam ya ce wa muryar ko an cuce ta, yarinya ba ta da laifi, ta fita don girman Allah. Muryar ta ce za ta saki Ramla ko ta yaya, amma zamanta a gidan sai an fitar da injin. Ta ce Halidu ya zaɓa da bakinsa.

Kowa ya jira. Halidu ya buɗe baki, ya dubi ɗakin, ya rufe. Shirun bai daɗe ba, amma ya isa.

"Na ji," in ji muryar. "Habi, ki yahe mini. Nonon da kike ba ni bai taɓa tsami ba."

Ramla ta yi atishawa ta ɓingire, ta farka tana neman ruwa.

Washegari da yamma Habi ta kai nono duk da haka. Da safe ta iske shi yadda ta bar shi, ƙuda sun faɗa ciki. Ta gane aljanin ya tafi, amma ba wannan kaɗai ne ya ɓata mata rai ba. Halidu ya fito daga ɗakin, ya tsuguna nesa da ita, ya ce a hankali injin ya jure duk abin da ya ɗora masa. Ta zubar da nonon a gindin katanga, ta kife ƙwaryar.

"Madalla," ta ce. "Ni ban taɓa gwada ka ba, Halidu. Shi ya sa na ba ka makulli."