Motar da ke Mutuwa a Ƙofar su Hure

Ranar da Mani ya fara ganin Hure, tana tsaye a gindin tsamiyar ƙofar gidansu a Tibiri, ƙwaryar fura a gabanta. Shi direba ne, yana jan babbar motar wani ɗan kasuwar Dogon Dutsi a zamanin mulkin Faransa. Ya taka birki ya leƙo ya ce a dama masa. Tana ɗago ido, injin ya yi tari ya mutu.

"Ko motar ma ta san inda ya kamata a tsaya," in ji Mani.

Ta yi murmushi, amma masu zaman inuwar tsamiyar ba wanda ya yi dariya. Saurayin Hure na fari maciji ne ya kashe shi. Na biyu ya tafi aikin hanya bai dawo ba. Garin duka na cewa Doguwa, aljanar tsamiyar, ce ke kishinta.

Tun daga nan, duk ranar da ya tsaya a ƙofar sai motar ta mutu. Sha'ibu mai kanti, wanda ke son Hure amma tsoro ya hana shi furtawa, ya baza zancen a kasuwa. Da Mani ya aiko manya, mahaifinta Gado ya girgiza kai.

"Ba ƙinka nikai ba, ɗana. Na gaji da zaman makoki. Wadda ta kashe ƙarfe, mi za ta yi ma mutum?"

Mani ya daina tsayawa. Hure na ganin wucewarsa, ta koma ɗaki ta yi kuka. Wata rana ta tare shi a hanyar rijiya.

"Kai ma tsorona kake ji, Manina?"

"Ina jin tsoro, hasken idona, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba gudunki nake ba. Na lura a ƙofarku kaɗai nake barin inji yana aiki ba tafiya. Jiya na gwada a daji, nan ma ya mutu."

Washegari da hantsi ya tsayar da motar a gindin tsamiyar, gaban Gado da jama'a. Ya duba buji, wato filogin inji, lafiya lau. Ya kwance kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, ya ciro ɗan ƙarfen da mai ke bi in mota na tsaye, mai huda kamar ta allura. Ya hura. Yashi ya fito, da wani dogon sili baƙi wuluk.

"Zaren tsumman da nake tace mai ne," ya ce da sauri, ya mayar da komai ya tayar da inji.

Ya ɗauke ƙafa daga totur. Injin ya ci gaba da ɗiri a hankali, bai mutu ba. Gado ya daɗe yana saurare, hawaye na bin gemunsa.

"Na ba ka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka watse, Hure ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Manina, tsumman naka fari ne, silin nan kuwa baƙi kamar gashin mace. Na gani."

Ya riƙe hannunta gam. "Na sani, Hurena. Ko ma wace ce, yanzu mu biyu za ta tarar."

Daga tsakar gida muryar Gado ta taso, yana roƙon Allah ya ba su tsawon rai, tsofaffin mata suna amsawa da amin.