Cukun Doña Socorro

"Ajiye kwanon nan, Doña Socorro!"

Ni kaina sai da muryata ta ba ni tsoro. Uwar Wilmer ce fa, kuma saura wata huɗu aurenmu da shi.

Ta juyo riƙe da cuku da wake. "Ke Yahoska, yaushe aka haife ki? Ƙashi ke masa ciwo. Me ke gyara ƙashi in ba nono ba?"

Wilmer na kwance a ragar lilo yana susa har jini. Shekara shida ke nan yana wankin ƙoda, tun da aikin gonar rake ya cinye masa ƙodojin kamar yadda ya yi wa babansa. Bara daga babur kawai ya sauko, ƙugunsa ya tsage.

Na ce, "Likita ta ce wasu 'yan ƙwayoyi huɗu ne a wuyansa suka haukace, suna zuƙe masa ƙashi. Cukun nan zuga su yake! Magani ya gaza, sai an cire su..."

"A wuyan ɗana? Na binne ubansa, ba zan miƙa shi a yanka ba!"

"Rabin raina, ƙyale ta," in ji Wilmer. "Ki nemi mai ƙafa..."

"Rufe mini baki! Kai na zaɓa, kuma da ƙafarka za ka shiga cocin nan."

Na durƙusa gaban Doña Socorro. "Mama, shekara shida kina ba shi. Ya miƙe? Tun tuni aka hana shi, kunyar mayar miki da kwano yake."

Ta dubi ɗanta. Ya sunkuyar da kai.

"Ashe... da hannuna?"

Ranar tiyata ita ta riga mu shiga motar Managua, babban birni, sai jan carbinta take.

Aka cire ƙwayoyin, aka dasa ɗan guntun ɗaya daga cikinsu a hannunsa. Bayan kwana biyu likita ta ce, "Yanzu ƙasusuwansa yunwa suke ji. Ban da magani, a ba shi cuku kaɗan, na ɗan lokaci."

Doña Socorro ta zungure ni. "Kin ji ko, sarkin sani?" Muka fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ranar aure ya miƙa wa uwarsa sandar da yake dogarawa a ƙofar coci. Taku ashirin da uku ne zuwa inda nake tsaye. Ina jin ta a bayansa tana ƙirgawa da ƙarfi.